Maganin jijiya a fagen yaƙi da sankarar furostet: ina riluzole da 'yan uwansa suka kai?

Riluzole 'yar ƙaramar ƙwaya ce mai miligiram 50, ana shanta sau biyu a rana. A watan Disamba na 1995 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita domin masu cutar ALS, cutar nan da ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka har mutum ya kasa tafiya, ya kasa haɗiya, daga bisani numfashi ma ya gagare shi, irin wadda masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, ya yi fama da ita. Ba ta warkarwa. Manyan gwaje-gwaje biyu, na 1994 da na 1996, sun nuna wata biyu zuwa uku kawai take ƙara wa majiyyaci. To yanzu ga sunanta yana yawo a bakin masu binciken sankarar maza, ita da wasu magungunan ƙwaƙwalwa da jijiya irin su phenelzine da carbidopa da valproate. Duk lokacin da aka buga sabon bincike a kan ɗayansu sai kanun labarai su ɗauka cewa an gano tsohon magani mai arha yana kashe sankara. Maganar tana da tushe, amma tsakanin tushen da gadon majiyyaci akwai tafiya, kuma ana iya auna tsawonta da alƙaluma.

Tukuna, sunan cutar. Jaridu da gidajen rediyo sun saba cewa "sankarar mafitsara", alhali mafitsara jakar fitsari ce, kuma tana da tata sankarar daban. Furostet wani ƙulli ne da bai fi girman goro ba, a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye bututun da fitsari ke bi. Shi ya sa idan ya kumbura fitsari ke tsayawa har a kai ga sa roba. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya ce maza kusan miliyan 1.5 ne suka kamu da sankararsa a shekarar, kimanin 397,000 suka mutu. A Nijeriya ita ce kan gaba cikin sankarar maza: kimanin sabbin kamuwa 18,000, mace-mace sama da 11,000. Kusancin waɗannan alƙaluma biyu na nuna abin da kowane likitan fitsari ya sani, cewa yawancin masu zuwa asibiti sai cutar ta riga ta shiga ƙashi suke zuwa, da ciwon baya ko ƙafafu sun fara mutuwa.

Me ya haɗa maganin jijiya da furostet?

Furostet cike yake da jijiyoyin saƙo, kuma likitocin da ke duba tsoka a madubin ƙara girma sun daɗe da lura cewa ƙwayoyin sankararsa suna son bin gefen jijiya su fita, kamar yadda ruwa ke bin kwata. A 2013 Claire Magnon da Paul Frenette, a kwalejin likitanci ta Albert Einstein da ke New York, suka nuna a jikin ɓeraye cewa jijiyoyin ba hanya kaɗai ba ne, suna ciyar da ƙarin: wani rukuni yana taimaka masa ya kafu, wani rukunin yana taimaka masa ya bazu. Da suka duba tsokar majiyyata 43 sai suka ga wanda jijiyoyi suka fi yawa a cikin ƙarinsa da kewayensa, cutarsa ta fi tsanani. Tun kafin nan, daga tsakiyar shekarun 1990, Mustafa Djamgoz na Imperial College a Landan ya yi ta nuna cewa ƙwayoyin sankarar furostet masu saurin yaɗuwa suna da ƙofofin sodiyam a jikinsu, irin waɗanda jijiya ke amfani da su wajen aika saƙo. Riluzole kuwa aikinta na asali ke nan: toshe waɗannan ƙofofi da rage fitar sinadarin glutamate daga bakin jijiya.

Amma babban dalilin da ya sa aka waiwayi riluzole yana wani wurin. Sankarar furostet da sinadarin maza, testosteron, take rayuwa. Charles Huggins na Jami'ar Chicago ne ya tabbatar da haka a 1941 lokacin da ya nuna cewa cire 'ya'yan maraina yana sa cutar ta lafa, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Har gobe a kan wannan ake: ko a yi tiyatar cire su, ko a yi allura irin goserelin, miligiram 3.6 duk wata ko 10.8 duk wata uku, har testosteron ya sauka ƙasa da 50 a ma'aunin da ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Ciwo ya lafa, fitsari ya saki, PSA, wato furotin ɗin furostet da ake aunawa a jini don bin sawun cutar, ya faɗi. Sai dai ga wanda cutar ta riga ta bazu, bayan shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci uku, sai ta farfaɗo duk da babu testosteron ɗin.

Sirrin yana cikin wani furotin da ake kira AR, makarɓin sinadarin maza a cikin ƙwayar halitta. Testosteron ya zauna a wani gurbi a jikinsa, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar ya kunna umarnin girma da rabuwa. Sabbin magunguna biyu da suka sauya fagen, abiraterone na 2011 da enzalutamide na 2012, duk ta wannan gurbin suke biyowa: na farko ya hana jiki ƙera ragowar sinadarin, na biyu ya toshe gurbin. Ita kuma sankarar sai ta fara ƙera wani guntulallen AR, wanda ake kira AR-V7, da ba shi da gurbin kwata-kwata kuma a kunne yake dare da rana. Kamar famfon da kansa ya karye ne, ba inda za ka kama ka ɗaure. A 2014 Emmanuel Antonarakis da abokan aikinsa a Johns Hopkins suka bi maza 62 da ke shan ɗaya daga cikin magungunan biyu. Mutum 18 na ɗauke da AR-V7, kuma ko ɗaya cikinsu PSA ɗinsa bai faɗi da rabi ba.

Nan riluzole ta shigo. Ƙungiyar Shahriar Koochekpour a cibiyar sankara ta Roswell Park da ke Buffalo ta fara ba da rahoto a 2012 cewa glutamate ya fi yawa a jinin maza masu sankara mai tsanani, wato masu maki 8 zuwa sama a ma'aunin Gleason da ake auna tsananin ƙarin da shi, kuma hana ƙwayoyin sankarar glutamate yana rage musu girma da kutse. A 2019 Kristine Wadosky da ƙungiyar suka zuba riluzole a kan ƙwayoyin sankarar furostet da ake reno a ɗakin gwaji, suka ga AR ɗin kansa yana raguwa, cikakken da guntulallen baki ɗaya. Yadda abin ke faruwa: maganin yana takura sashen ƙwayar da ke naɗe sabbin furotin, ita kuma ƙwayar, don ta rage wa kanta kaya, sai ta kunna tsarin cinye tarkacen cikinta, AR ya tafi a ciki. Ba a nemi kan famfo ba ke nan, an tumɓuke famfon ne. Wannan tunani ne mai kyau, kuma shi ne abin da manyan kamfanoni ke kashe maƙudan kuɗi suna ƙera sabbin magunguna don su yi.

Lissafin da kanun labarai ba sa kawowa

Abu na farko da mai harhaɗa magani zai tambaya idan ya ji labarin irin wannan shi ne: nawa aka zuba? Ana auna kaurin magani a ruwa da maikiromola. A binciken sankara na ɗakin gwaji, galibi tsakanin 10 zuwa 50 ake sa riluzole kafin a ga ƙwayoyi na mutuwa ko AR na narkewa. Mutumin da ke shan miligiram 50 safe da yamma kuwa, abin da ke jininsa a ƙololuwa bai cika wuce 1 zuwa 2 ba. Ba a nan ta tsaya ba. Kashi 96 cikin 100 na abin da ke jinin a manne yake da furotin ɗin jini, ba ya aiki. Kashi 4 ne ke sake, wato ƙasa da 0.1. Ko an yi rangwame cewa ruwan da ake renon ƙwayoyin shi ma yana riƙe wani kaso, kuma cewa magani mai son kitse irin wannan kan taru a tsoka fiye da jini, tazarar tana nan, ninki goma ko fiye.

Sai a ce to a ƙara yawan ƙwayar mana. An gwada a ALS. Gwajin 1996 mai mutum 959 ya kwatanta miligiram 50 da 100 da 200 a rana, kuma aka tsaya a 100 saboda 200 bai ƙara amfani ba sai wahalar hanta, tashin zuciya da kasala. Ribar da ake faɗa ta tsohon magani ita ce an riga an san illarsa. Gaskiya ne, amma a kan adadin da aka saba sha da irin mutanen da aka saba ba. Da zarar an ninka adadin, ko aka ba dattijo ɗan shekara 72 da ke karɓar kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, an koma gwajin matakin farko.

Haka batun ɓera. Ba a ɗaukar miligiram na ɓera a ninka da nauyin mutum kai tsaye, domin jikin ɓera ya fi saurin ƙona magani. Ƙa'idar da FDA ta bayar ita ce a raba da 12.3. Misali, miligiram 10 a kowane kilo na ɓera ya zama kimanin 0.8 a kowane kilo na mutum, wato wajen miligiram 57 ga mai kilo 70. Duk wanda ya karanta rahoton gwajin ɓeraye zai iya yin wannan lissafi a bayan takarda ya ga ko adadin yana cikin abin da ɗan Adam ke jurewa. Sannan ɓerayen da ake dasa wa sankarar mutum ba su da cikakkiyar garkuwar jiki, kuma galibi a ƙarƙashin fata ake dasa ƙarin, ba a ƙashin baya ba, inda cutar ke kashe mutane. Su kansu ƙwayoyin ɗakin gwajin tsofaffi ne: LNCaP, wadda aka fi amfani da ita, an ɗebo ta ne a 1977 daga jikin wani Bature ɗan shekara 50. Akasarin irinta daga Turawa suke, alhali cutar ta fi yawa kuma ta fi kisa a cikin maza baƙar fata.

Riluzole ta taɓa bin wannan hanya a wata sankarar. Suzie Chen ta Jami'ar Rutgers ta gano a 2003 cewa wani makarɓin glutamate yana haddasa sankarar fata, melanoma, a ɓeraye. A 2009 aka ba majiyyata 12 miligiram 200 a rana na kwana 14 kafin tiyata, aka ga alamun maganin ya taɓa ƙarin a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku. Aka yi murna, aka shiga mataki na biyu. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cikin mutum 13 babu wanda ƙarinsa ya ragu yadda ƙa'ida ta tanada, wasu dai cutar ta tsaya na ɗan lokaci, aka rufe gwajin. A sankarar furostet kuwa babu gwajin da ya nuna riluzole tana ƙara kwana, kuma babu hukumar magunguna a duniya da ta amince a ba da ita don haka.

Inda take cizo

Hanta ce ke sarrafa riluzole, ta hanyar wani sinadari mai suna CYP1A2. Kusan rabin masu shanta sai an ga ma'aunin hanta na ALT ya ɗaga aƙalla sau ɗaya, kimanin kashi 8 cikin 100 ya haura ninki uku, kashi 2 ya haura ninki biyar, inda ake dakatar da maganin. Don haka ake auna hanta kafin a fara, sannan duk wata na wata uku, sannan duk bayan wata uku har shekara. A Nijeriya, inda binciken ƙasa na 2018 ya samu kimanin kashi 8 cikin 100 na manya ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawansu ba su ma sani ba, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Ga wani tarko da ya shafi masu furostet musamman. Ciprofloxacin, wanda ake rubuta wa mai ciwon fitsari, da wanda aka sa wa roba, da wanda za a ɗebi tsokarsa don gwaji, wanda kuma ake saye a kowane kemis ba takarda, yana danne CYP1A2. Wanda ya haɗa shi da riluzole, maganin zai taru a jininsa fiye da yadda aka yi niyya. Taba sigari akasin haka take yi, tana hanzarta fitar da shi. Abinci mai maiƙo yana rage shigarsa jini, shi ya sa ake sha awa ɗaya kafin cin abinci ko awa biyu bayansa. Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, yana rage fararen ƙwayoyin jini, aikin da docetaxel, kemon da ake ba masu wannan cuta duk mako uku, ya riga ya shahara da shi.

Akwai kuma abin da ya shafi kusan duk dangin. An ƙera maganin jijiya ne ya ratsa shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa. Ga mai ALS ko farfaɗiya wannan shi ne amfaninsa. Ga mai sankarar furostet hasara ce zalla, domin jiri da barci yake kawowa ga dattijon da allurar rage testosteron ta riga ta sa ƙashinsa ya yi rauni. Faɗuwa ɗaya a banɗaki na iya karya ƙugu. Masu ƙera magungunan furostet ma gudun ƙwaƙwalwar suke yi: enzalutamide yana shiga, yana sa wasu farfaɗiya, shi ya sa aka yi darolutamide da ba ya shiga sosai.

Wanda ya kai ga jikin mutane

Cikin dangin, phenelzine ne ya fi nisa. Tsohon maganin ciwon damuwa ne, tun 1961 yake kasuwa da sunan Nardil, yana toshe sinadarin MAO da ke rushe serotonin da makamantansa a ƙwaƙwalwa. A 2006 Lawrence True da abokan aikinsa a Seattle suka ga nau'in MAO-A yana da yawa a sankarar furostet mai babban maki. Jean Shih ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda ta shafe shekaru da dama a kan wannan sinadari, ta shiga cikin binciken da ya nuna a 2014 cewa MAO-A yana fitar da guba mai ƙona ƙwaya wadda ke sa sankarar ta saki wurinta ta yi ƙaura, kuma toshe shi a ɓeraye yana rage girma da yaɗuwa.

Mitchell Gross ya kai maganar ga mutane, aka fitar da sakamako a 2020. Maza 20 ne, waɗanda aka riga aka yi wa tiyata ko aka gasa musu ƙarin da hasken na'ura, PSA ya dawo yana hawa amma hoto bai nuna cutar ta bazu ba, kuma ba a taɓa musu testosteron ba. Aka ba su miligiram 30 sau biyu a rana. Mutum 11 PSA ɗinsu ya ragu, 5 ya ragu da kashi 30 cikin 100 ko fiye, 2 da rabi ko fiye, mafi yawa kashi 74. Yawancinsu sun yi jiri, kusan kashi ɗaya cikin uku jininsu ya hau, wasu suka bar gwajin. Abin sha'awar shi ne an samu wannan ba tare da an taɓa mazakutar mutum ba, wanda shi ne abin da ke sa maza da yawa gudun allura da tiyata.

Amma gwajin ba shi da rukuni na biyu da aka ba ƙwayar wofi don kwatance, kuma a irin waɗannan majiyyata PSA yana wasa da hankali. Labarin rumman ya isa darasi. A 2006 wani gwaji a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ya ba da rahoton cewa shan ruwan rumman ya tsawaita lokacin da PSA ke ɗauka kafin ya ninka daga wata 15 zuwa 54. Kasuwa ta buɗe. Da aka maimaita da maza 183, wasu aka ba su rumman wasu ruwan wofi, sakamakon 2015 ya nuna lokacin ya tsawaita a duka ɓangarorin, babu bambancin kirki. PSA furotin ne da AR ke ba da umarnin ƙera shi, saboda haka duk abin da ya ɗan danne AR zai sauke lambar ko ƙarin bai ragu da ƙwaya ɗaya ba. Finasteride, maganin kumburin furostet, yana raba PSA biyu cikin wata shida zuwa shekara, kuma ba wanda ke ba da shi a matsayin maganin sankara.

Phenelzine kuma ba abin wasa ba ne. Idan an toshe MAO, sinadarin tyramine da ke cikin abincin da aka bari ya tsima, kamar tsohon cuku, miyar waken soya ta Asiya, naman da aka daɗe da adanawa da wasu nau'in giya, yana shiga jini kai tsaye ya harba hawan jini cikin mintuna, har jijiya ta fashe a kai. Daddawa ma tsimammen abinci ce, dole likita ya sa ta a lissafi. Maganin mura mai pseudoephedrine haramun ne gare shi. Mafi haɗari ga mai wannan cuta shi ne tramadol da pethidine, waɗanda ake ba mai ciwon ƙashi: haɗa su da phenelzine na kawo zazzaɓi mai zafi, karkarwa, ruɗewa, har mutuwa. Takunkumin yana ci gaba mako biyu bayan an daina sha.

Sauran biyun a taƙaice. Carbidopa, abokin tafiyar levodopa a maganin cutar karkarwa ta Parkinson, yana da fa'ida ɗaya babba: ba ya shiga ƙwaƙwalwa. Masu bincike a cibiyar furostet ta Vancouver a Kanada sun nuna a 2012 yana jinkirta bijirewar cutar a ɓeraye, wani binciken na 2020 ya nuna shi ma yana sa a rushe AR. A ɓeraye ya tsaya. Valproate na farfaɗiya kuwa, tun 2001 aka gano yana taɓa yadda ake buɗe da rufe umarnin gado a ƙwaya, aka gwada shi a 2008 a kan maza 10 da cutarsu ta bijire, gajiya da illar ƙwaƙwalwa suka hana a ci gaba. 

Wa zai biya kuɗin gwaji?

Sauya wa magani aiki ba mafarki ba ne, a wannan cutar ma an yi. Ketoconazole maganin cututtukan fata ne irin su makero, aka lura yana hana jiki ƙera sinadarin maza, aka shekara da shekaru ana ba masu sankarar furostet miligiram 400 sau uku a rana tare da hydrocortisone. Sinadarin da yake dannewa, CYP17, shi ne aka ƙera abiraterone a Landan don ya danne da kyau. Amma ga ɗaya fuskar. Metformin na ciwon sukari ya fi riluzole tarin hujjoji nesa ba kusa ba, na ɗakin gwaji da na bayanan asibitoci. Babban gwajin STAMPEDE na Birtaniya ya raba maza 1,874 da cutarsu ta bazu gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ƙara wa rabi metformin miligiram 850 sau biyu a rana. Ya rage musu ƙiba da hawan sukari da allurar rage testosteron ke jawowa, amma bai nuna ƙarin kwana da za a dogara da shi ba. Celecoxib ma an gwada shi a wannan dandali, bai kai labari ba.

Kuɗin masu ba da tallafin bincike ne suka ɗauki nauyin wannan tambaya, ba kamfanin metformin ba, kuma nan gizo ke saƙar. Sabon magani kan ci shekara 10 zuwa 15 kafin ya fito, kamfani ya jure saboda zai mallaki kasuwarsa shi kaɗai na wasu shekaru. Riluzole ta fita daga mallakar kamfani ɗaya tun 2013, kowa na iya bugawa. Wanda ya kashe kuɗin gwajin mutum dubu, ribar ta kowa ce. Arhar da ta sa ake sha'awar maganin ita ce ta hana shi mai tsaya masa. Dabarar da kamfanoni ke yi ita ce su ɗan sauya ƙirar su yi sabuwar rajista, kamar troriluzole da kamfanin Biohaven ya yi, wanda ke rikiɗa ya zama riluzole a cikin jiki. Idan irin wannan ya yi nasara, ba da farashin tsohon zai fito ba.

Ga iyalin da ke neman sauƙin kuɗi a yau, inda hujja take ba a maganin jijiya ba ne. Tiyatar cire 'ya'yan maraina sau ɗaya ake yi kuma aikinta daidai yake da na allurar da ake saye duk wata. Abiraterone ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019, kuma akwai bugun Indiya. Wani gwaji na Jami'ar Chicago a 2018, mai mutum 72, ya nuna ƙwaya ɗaya ta miligiram 250 tare da karin kumallo marar maiƙo da yawa ta sauke PSA kamar ƙwaya huɗu, miligiram 1,000, a kan yunwa. Kwalbar wata ɗaya ta zama ta wata huɗu. Likita ne zai tsara hakan, tare da prednisolone da awon hawan jini, potassium da hanta, ba mai kemis ba.

Ita riluzole, gwajin da ya kamata a fara da shi ƙarami ne kuma ba shi da tsada. Mazan da aka sa wa ranar tiyatar cire furostet sukan jira makonni. A raba su biyu da ƙuri'a, rabi su sha maganin mako biyu zuwa huɗu, rabi ƙwayar wofi, likita da majiyyaci duk ba su san wanda ke shan wanne ba. Ranar tiyata a yanki ƙarin a auna abu uku: nawa ne maganin ya isa cikin tsokar, AR ya ragu idan aka kwatanta da tsokar da aka ɗiba tun farko, sannan ma'aunin rabuwar ƙwayoyi na Ki-67 ya sauka. Mutum 30 zuwa 40 sun isa su amsa tambayar adadi. Idan maganin bai isa tsokar da kaurin da ake buƙata ba, an huta da sauran. Idan ya isa, sai mataki na biyu a kan waɗanda abiraterone ko enzalutamide ya daina yi wa aiki, a ware masu AR-V7 tun farko ta gwajin jini, a kuma yi hukunci da hoton ƙashi da na ciki duk mako 8 zuwa 12, ba da lambar PSA ba.